Sarki Ya Ƙi Wankan Gawa

A duk faɗin Japan babu wanda ya iya faɗuwa kamar Nagumo. Wannan ba zagi ba ne, yabo ne, kuma da shi aka san mutumin shekara talatin. In ana neman gwanin kai hari a shogi, darar Japanawa, za a lissafo mutum goma, in ana neman gwanin tsare gida za a samu ashirin. Amma wanda zai sha kashi ya bar allo tsaf kamar an share an yayyafa ruwa, wannan kam Nagumo ne, ba shi da na biyu.

A gidan malaminsa ya gaji abin. Ƙwararren ɗan wasa ba ya zama har a kashe masa sarki a gaban jama'a. Da ya hango mutuwa daga nesa sai ya daina kare kansa, ya ɗauki ɗa guda ya kafa a ƙofar sarkin abokin karawarsa, yadda duk wanda ya ga hoton allon a jarida gobe zai ce kash, taku ɗaya ne ya raba su. Sannan ya kurɓi ruwa don kada murya ta shaƙe, ya sunkuyar da kai ya ce, "An ci ni." Malam Okudaira yana kiran wannan kwalliyar ƙarshe. Babban ɗalibinsa Kasuga, wanda bakinsa bai taɓa sanin linzami ba, wankan gawa yake ce masa, amma fa sai Malam ba ya kusa.

A ɗakin karatun Malam akwai hoton allo guda cikin gilashi, rataye a bango. Wasan ƙarshe ne na gasar Kambun Zalɓe, wanda Malam ya buga a ganiyarsa ya faɗi, kuma tun daga ranar bai sake kusantar kambun ba. Mutane kan taso daga Osaka takanas su tsaya gaban hoton suna jinjina kai. Nagumo ya shiga gidan yana ɗan shekara goma sha biyu, aka ɗora masa goge gilashin kowace safiya. To abin da mutum yake gogewa kullum, wata rana sai ya gan shi. Yana shekara goma sha bakwai ya tsaya da tsumma a hannu, ya ga cewa sarkin Malam bai mutu ba. A 'ya'yan shogi akwai zinariya akwai azurfa, to akwai zinariyar abokin gaba guda da ke gadin gefen allo. In aka jefa mata azurfa ta ci, ta kauce daga bakin hanya, sarki zai iya bin layin gefe ya haye can ƙasar abokan gaba.

Da ƙuruciya da rawar kai, sai ya faɗa a wurin karin kumallo. Malam bai ɗaga murya ba. Maficinsa ya naɗe, ya sauke shi a kan yatsun yaron sau ɗaya, ya ce, "Sarki ba ɓarawon kaza ba ne da zai bi ta bayan danga. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Nagumo ya haɗiye maganarsa, ya ci gaba da goge gilashi, ya girma ya zama abin da aka so ya zama.

Sai ga shi yana da shekara hamsin da biyu, gashi ya yi furfura, gwiwa ta fara ƙara in zai durƙusa, ya bi manya da yara ya kayar ɗaya bayan ɗaya har ya zama mai ƙalubalantar Kambun Zalɓe. Shi kansa ya yi mamaki. Mai riƙe da kambun, Hayasaka, ɗan shekara ashirin da uku ne. Wasa biyar ake yi, kowa ya ci biyu, saura na raba gardama. Aka kai su wani masauki mai ruwan zafi a tsaunukan Yamagata, lokacin da ganye ya yi ja. Jaridar da ke ɗaukar nauyin gasar, da yake ta san abin da ke sayar da takarda, ta ɗauko tsoho Okudaira da sandarsa ta kawo shi ya ga ƙarshen abin.

Da yammacin jajibirin wasan aka yi walima. Hayasaka ya taso har inda Nagumo yake, ya durƙusa, ya cika masa ƙoƙo da hannu biyu.

"Malam Nagumo, akwai abin da na daɗe ina son faɗa maka. Tun ina firamare nake yanke hotunan wasanninka daga jarida. Suna nan cike da akwati."

"Waɗanda na ci?"

 Yaron ba shi da mugunta ko ta anini, abin haushin ke nan.

"Na ƙarshen wasa nake nufi," ya ce. "Babu mai rufe wasa kamarka."

Ya sunkuya ya koma wurinsa. Kasuga, da ke gefe yana fama da ƙashin kifi, ya sa gwiwar hannu ya zunguri Nagumo.

"Ka ji ko, ƙanena? Yaro ya tara gawarwakinka a akwati. Gobe ya zo karɓar babbar, wadda zai sa a gilashi."

"Yaya, ci kifinka."

"Ina ci mana. Ni dai na riga na sa an goge mini baƙar riga. Ka daure ka mutu da wuri, jirgin ƙarshe ba ya jiran masu zaman makoki."

Nagumo ya yi dariya. Da aka tashi, Malam ya kira shi da sunan da babu mai kiransa da shi sai shi.

"Tetsuji."

"Na'am, Malam."

"An ɗauko ni daga Tokyo don in ga gidana ya dawo inda na tsaya. In ka ci, madalla. In ba ka ci ba, ka san yadda muke tashi daga kan allo. Rubutun wasa yana shekara ɗari ana karanta shi. Ka ɓata shi, kada ka sake taka ƙofata."

"Na ji, Malam."

Kuma ya ji ɗin, har cikin ransa. Ƙofar nan ita ce ƙofar da ya sani tun kafin ya san aske gemu. Ubansa ya rasu yana ƙarami, tsohon nan ne ya tsaya masa ranar aurensa, shi ya raɗa wa 'yarsa suna. Ba ƙaramar magana aka yi masa ba.

Washegari Hayasaka ya zauna a wurin manya, ya buɗe akwatin 'ya'ya ya zube su a kan allo, suka jera. Nagumo ya gina wa sarkinsa ganuwa a kusurwar hagu, zinariya biyu da azurfa, irin ginin da aka koya masa, tubali a kan tubali. Hayasaka bai gina komai ba. 'Yan zamani haka suke, na'ura ta koya musu cewa ganuwa ɓata lokaci ce. Sarkinsa yana nan tsakar gida da mai gadi ɗaya, sauran duk ya tura su gaba. Ranar farko ta ƙare ana auna juna, babu wanda ya zub da jini.

A rana ta biyu abin ya ɓaci, kuma a hankali ya ɓaci, yadda rufin ɗaki ke fara ɗiga. A shogi ba a mutuwa. Ɗan da aka kama baki kawai ake juya masa, ya zama na wanda ya kama shi, ya sauke shi duk gurbin da ya ga dama. Dokin da Nagumo ya bayar da safe don ya samu hanya, shi aka sauke masa a ƙofar ganuwa bayan an dawo daga cin abinci. Dakarunsa biyu da aka kama suka dawo suna sara masa katanga. Ya toshe nan, can ya ɓalle. Kafin rana ta karkata, ganuwar ta zama kufai.

Ya zauna ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk inda ya bi kabari ne. Hayasaka yana da zinariya a hannu. In ya sauke ta a goshin sarki, sauran sai bin jiki. Nagumo ya duba nasa harin, ya ga taku biyu ya rage masa kafin ya taɓa sarkin yaron, ba ɗaya ba. Hoton ba zai yi kyau ba ke nan. Sai ya kama kansa yana jin zafin wannan fiye da zafin kambun da ke suɓuce masa, ya ji kunyar kansa ta rufe shi.

Duk da haka jiki ya san aikinsa. Ya jawo rigar saman da ya tuɓe da zafin wasa, ya sa, ya ɗaure igiyarta. Ya daidaita mafici a gaban gwiwa. Ya tsiyaya ruwa a kofi ya kurɓa. Duk wanda ke kallo a talabijin ya san ma'anar wannan, 'yan jarida da masu sharhi da ke ɗakin baya ma sun sani. Ya ji takun masu ɗaukar hoto suna taruwa a baranda, kowa yana sanɗa. Aka zuge ƙofa, sanda ta ƙwanƙwasa dakali, Malam Okudaira ya shigo ya zauna kusa da alƙalin wasa, ya ɗora hannu biyu a cinya.

Hayasaka ne da taku. Ya kai hannu wajen zinariyar, sai ya tsaya. Ya dubi rigar Nagumo, ya dubi tsohon da ya shigo, ya dubi allo ta ɓangaren sarkinsa. Ya ga abin da Nagumo ya gani, cewa kwalliyar ba za ta cika ba. Ya janye hannu daga zinariya, ya kama karusarsa, babbar 'yar da ke share layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ja ta baya a hankali ya ajiye. Taku ne mai sanyi, wanda a ganinsa bai saki nasara ba, amma ya bar wa dattijo numfashi guda. Da numfashin nan Nagumo zai matso da harinsa, tazarar ta koma taku ɗaya, a kashe shi cikin mutunci, jarida ta samu hoto. Yaron har da ɗan sunkuyar da kai.

Nagumo ya gane sarai. Ya ma ga gurbin da aka share masa, can gaban sarkin yaron, yana jiran azurfa. Ya ɗauko azurfar daga cikin kamammunsa, ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu, hannunsa ya tafi da kansa.

A sama hannun ya tsaya. Haushi ne ya taso masa, irin wanda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi, har kunnuwansa suna zafi. Sadaka aka yi masa. A wasan kambu, a gaban malaminsa, yaro sa'an ɗan cikinsa ya dube shi ya ga tsoho mai neman likkafani mai kyau, ya ce bari in taimaka. Wasa biyu ya ci yaron nan a wannan gasa, ci na gaskiya, babu wanda ya yanke su ya sa a akwati. Shekara talatin ana tafa masa don ya iya kwanciya. Ashe har abokan karawarsa sun daina tsoronsa, gyara masa shimfiɗa suke yi.

Idonsa ya sauka gefen hagu na allo, ba don yana neman wani abu ba. Karusar da aka ja baya ita ce dā take tsare layin gefe. Yanzu babu kowa a wurin sai zinariya guda. Ya san wannan fuskar. Ba 'ya'yan ba ne iri ɗaya, amma ƙashin bayan abin shi ne, wanda ya goge da tsumma kowace safiya har ya haddace shi fiye da fuskar matarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da hannunsa yaron ya tsaga shi.

Ya san me za a ce. Ya sa riga, ya sha ruwa, an yi masa alheri ya mayar da cizo. Ya san wanda ke zaune a damansa da hannu biyu a cinya, ya san ƙofar da za ta rufe. Ya auna duka, bai ɗauki lokaci ba. Ya dawo da hannunsa baya, ya buga azurfar a bakin zinariyar gefe, ƙarar ta cika ɗakin.

Mai rubuta wasa ya ɗago kai ya sake duba allo, don ya zaci idonsa ne. Malam ya yi tari sau ɗaya. Kunnuwan Hayasaka suka yi ja. Ba shi da zaɓi, in ya bar azurfar ita za ta cinye zinariyar. Ya ci. Zinariya ta kauce daga bakin hanya. Nagumo ya ɗauki sarkinsa ya fitar da shi daga kufai, ya hau da shi layin gefe, gurbi ɗaya. Sannan ya kwance igiyar riga, ya tuɓe ta ya jefa bayansa ba tare da ya ninke ba.

Abin da ya sa ake ƙyamar wannan hanya, shi ne ya sa take aiki. 'Ya'yan shogi yawancinsu gaba suka sani. Dakare ba ya waiwaye, doki ba ya komawa, mashi ba ya juyawa. An yi su ne don farautar sarkin da ke zaune a gidansa yana jira. In sarki ya ratsa ta cikinsu ya wuce, sai su tsaya suna kallon inda ya tashi. Amma kafin ya wuce sai ya bi ta tsakiyar wuta, ba ganuwa, ba rakiya, kuma sai ya jefar da kayansa a hanya kamar mai gudun gobara.

Nagumo ya jefar. Ya ba da doki don ya sami gurbi ɗaya. Ya sauke dakare a gaban mashi don kawai a ci, a ci ɗin kuma ya sake sauke wani. Ba taku ɗaya a ciki da za a nuna wa ɗalibi a ce koyi wannan. Lokacinsu su biyu ya ƙare, aka shiga minti ɗaya-ɗaya, muryar mai rubutu tana ƙirga daƙiƙu a kansu ba tausayi. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, abin da bai taɓa yi ba a gaban allo.

Sarki yana tsakiyar hanya ya ji motsi a damansa. Bai waiwaya ba. Ya ji tsoho yana miƙewa da ƙyar, ya ji sanda, ya ji an zuge ƙofa an mayar. Abin ya soke shi a ƙirji, ya ji shi sosai, har allo ya yi masa dishi-dishi. Muryar mai rubutu ta kai daƙiƙa hamsin da bakwai. Ya sa hannu ya tura sarki gaba.

Hayasaka ba yaron banza ba ne, ba a riƙe kambu da fara'a. Da ya farfaɗo sai ya daina bin sarki a baya, ya fara tare shi ta gaba. Ya sauke doki, dokin Nagumo na biyu, a inda ya rufe gurbi biyu cikin ukun da suka rage, ya kawo zinariya za ta rufe na ukun. A nan kowa a ɗakin baya ya ce an gama, wahalar banza tsoho ya sha. Nagumo ya dubi karusarsa, 'yar da ya fi so a duk allo, wadda bai taɓa bayarwa ba sai da riba. Ya kai ta ya dasa a gaban zinariyar, tsirara, ba mai tsaronta. Yaron ya ci, don dole ya ci. A cikin takun nan guda da aka ɓata wajen cin karusa, sarki ya sulale ta gurbi na uku ya faɗa ƙasar Hayasaka. Ya ci gaba da rarrafe har ƙuryar allo, ya zauna daram a inda mashin yaron ya kwana.

Daga nan sai aikin tururuwa. Dakaren da ya taka ƙasar abokan gaba zinariya yake zama. Nagumo ya riƙa sauke dakaru kusa da sarkinsa, ya tura, ya juya, ya sauke wani, ya tura, ya juya, har suka yi masa dandazo. Muni kam ba a magana. Amma in aka ci ɗaya daga cikinsu, dakare ne kawai ya koma a hannun mai ci, ba abin da zai yi da shi. Rundunar Hayasaka tana can ɗaya gefen, ta cika kufan da babu kowa, kamammu sun yi masa tsibi a teburi ba inda zai sa su. Sai a lokacin ya waiwayi sarkinsa, wanda tun jiya ya bari a tsakar gida da mai gadi ɗaya. Dakarun nan da suka zama zinariya sun fara matsowa, gurbi ɗaya, gurbi ɗaya, ba sauri.

Ya gwada gudu shi ma, amma gudu sai da koyo, kuma an riga shi sanin hanya. Nagumo ya sauke zinariyarsa ta ƙarshe a gabansa ya rufe. Waje ya yi duhu, abincin yamma ya huce a madafa. Hayasaka ya zauna yana duban allo, Nagumo ya ga yana neman inda zai kafa ɗa guda don hoto. Babu. Sarkin da ke cikin dandazon nan ko taku goma ba su kai gare shi. Nagumo yana iya sassauta masa, ya buɗe ɗan gurbi yadda aka yi masa ɗazu. Bai buɗe ba.

Yaron ya tsiyaya ruwa har ya zuba a tabarma. Ya kurɓa, ya dafa teburin kamammu, ya sunkuya.

"An ci ni."

Nagumo ya sunkuya shi ma. Mai nasara ba ya murmushi a gaban allo, wannan al'adar kam ya riƙe ta, kuma ko ba al'ada babu dariya a cikinsa. Masu hoto suka kwararo, suka cika ɗakin da walƙiya. Sun zo ɗaukar gawa ɗaya, suka tarar da wata. Hayasaka bai ɗago ba sai da aka ɗan lafa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam Nagumo, ka sa riga."

"Na sa."

"Ka sha ruwa."

"Na sha. Ba zan yi maka ƙarya in ce ƙishi ba ne. Maganar tana bakina. Da ka sauke zinariyar nan da na faɗe ta, da yanzu kana wanka."

"Girmamawa ce na yi maka."

"Na sani, shi ya sa ta yi ciwo. Ɗana, in kana girmama mutum a kan allo, ka sare shi da hannu biyu." Ya nuna allon da mafici, tsibin dakaru a wannan ƙurya, tarkace a waccan. "Wannan ma in ya fito gobe ka yanke, ka sa a akwatin. Ya fi sauran amfani."

Yaron ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Zan sa shi a sama."

A baranda Kasuga ya tare shi, idonsa jajir, yana dariya yana share hanci.

"Kai, ƙanena. Gawa ta tashi ta mari mai wanka. Shekara nawa ina jiran wannan rana, ka bari sai da haƙorana suka zube."

"Ina Malam?"

Dariyar ta ɗauke. "Yana bakin ƙofa. Ya ce a kira masa mota, ba zai kwana ba. Na ce ya bari gari ya waye, ya ce in rufe masa baki. Ka bar shi ya huce, kada ka je yanzu."

Nagumo ya je. Ya tarar da tsohon zaune a dakalin da ake sa takalmi, ya sa ɗaya yana kokawa da ɗayan, uwar masauki tana tsaye nesa tana tsoron taimaka masa. Nagumo ya durƙusa a kan katako, gwiwoyinsa suka yi ƙara, amma bai kai goshi ƙasa ba. Malam ya lura da hakan.

"Haƙuri ka zo bayarwa?"

"A'a, Malam."

"To me ya kawo ka?"

"Na zo in raka ka mota."

"Yaro ya yi maka mutunci, ka saka masa da cizo. Ka sa riga a gaban duniya ka tuɓe. Na faɗa maka sharaɗina tun kafin ka zauna."

"Ka faɗa, na ji, kuma ba zan taka ƙofar ba tunda ka hana. Amma kambun ya shiga gidan Okudaira, ko ana so ko ba a so. Ba ni da wani gida da za a rubuta."

"Wannan ƙazantar ba za ta hau bangona ba."

"Ba don bango na buga ba, Malam." Ya ɗago ya dubi tsohon. "Shekara arba'in ina kallon sarkinka tsaye a cikin gilashi, ga hanya a buɗe a gefensa. Yau na ƙetarar da shi."

 Tsohon ya tura ƙafa cikin takalmin da ƙarfi, ya dafa sanda. Nagumo ya miƙa hannu, tsohon ya ture shi, ya miƙe da kansa a yunƙuri na biyu. Fitilar mota ta hasko tsakuwar ƙofar gida. Ya taka har bakin ƙofa, ya tsaya, ya ba da baya, ya daɗe a haka har direba ya fito ya buɗe masa mota yana jira.

"A nawa wasan," ya ce, bai juyo ba, "azurfar ake fara bayarwa ko dokin?"

"Azurfar, Malam."

"Azurfar." Ya gyaɗa kai a hankali. "Na gan ta. A jirgin ƙasa na gan ta, ranar, a hanyar komawa gida. Ko tasha ta biyu ba mu kai ba."

Ya sauka dakali ya shiga mota. Bai ce ya janye maganarsa ba, Nagumo kuma bai roƙa ba. Yana nan durƙushe, bayansa a miƙe, hawaye na sauka a kan rigar da ta jiƙe da gumi, har jar fitilar motar ta sha kwana ta gangara kwari.